Birkin Motar Malama

Washegarin ranar da mijinta ya dawo da motar daga sabis, a ranar ta fara ƙin tashi. Malama ta murɗa makulli, maimakon injin ya amsa yadda ya saba sai ta ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga cokali a kwano, ƙananan fitilun da ke bayan sitiyari suka dushe. Ta sake murɗawa. Shiru. 'Ya'yanta mata biyu suna kujerar baya da jakunkunan makaranta a cinya, babbar ta ɓata rai saboda makara, Auta kuwa sai dariya take yi wai mota tana tari.

Malama ta koma cikin gida ta tarar da Maigida yana kurɓar shayi.

"Baban yara, motar nan ta ƙi tashi. Kamar batir ne ya yi sanyi."

"Kin bar fitila a kunne ke nan," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ai kai ka shigo da ita jiya."

"To rediyo ne. Ku mata ba ku rabuwa da barin abu a kunne. Ki sa maƙwabta su tura miki."

Haka aka yi. Mai shagon bakin layi da mai wanki suka tura ta har kwana, motar ta yi tsalle ta kama, Malama ta yi ta godiya ta taga kunya kamar ta nutse. Daga ranar turi ya zama aikin kowace safiya. Har ta koyi ajiye motar a inda ƙasa ta ɗan gangara, don kada ta riƙa tayar da mutane daga kan sana'arsu.

Motarta irin tasa ce sak, launi kawai ya raba su. Lokacin da za ta saya shi ya ba ta shawarar ta ɗauki irin tasa: bakanike ɗaya, kayan gyara ɗaya, ba sai ta riƙa tsayuwa a gareji cikin maza ba, shi zai riƙa kai mata. Ta ji daɗin maganar har ranta. Tasa motar ta sha jiki, kullum tana kan babban titi saboda harkar kasuwancinsa. Tata kuwa da sauran ƙuruciyarta, daga gida sai makarantar da take koyarwa, sai kasuwa.

Ba a daɗe ba ya sake karɓar makullinta, wai za a canza mata baƙin mai. Da ta dawo, sitiyari ya fara rawa a hannunta. In ta ɗan ƙara wuta sai ta ji kafaɗunta suna karkarwa, motar kuma tana janta gefen dama kamar akuyar da ta hango ganye. Ta tsaya wajen mai faci a ƙara mata iska. Dattijon ya tsuguna, ya shafa tayar gaba, ya zagaya ya shafa sauran, sannan ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Malama, ba iska ce damuwarki ba. Tayoyin nan sun gama aiki. Shafa ki ji, sumul kamar tafin hannu. Wannan har waya ta fara leƙowa, waccan kuma ga ƙulli a gefenta. Shi ke sa sitiyari rawa. In ruwan sama ya same ki a kansu, sai dai addu'a."

"Tayoyina? Baba, ai ba su daɗe ba. Kwanan baya ma ana ta yaba zanensu."

"Ni dai abin da idona ya gani na faɗa miki."

Da ta kai wa Maigida maganar sai ya yi dariya. Mai faci in bai ce tayarka ta mutu ba, me zai ci? Kuma titin makarantarsu duk ramuka ne, ita ba ta iya kauce musu ba, faɗawa kawai take yi. Ya faɗi haka yana wasa da Auta a cinyarsa, cikin fara'a, har ita Malama ta ji kamar ta cika ƙorafi. Motarsa tana nan a ƙofar gida lulluɓe da tamfol. Ko a mafarki zuciyarta ba ta je can ba. Wace mace ce ke tsugunawa ta duba tayar mijinta?

Bayan sabis na gaba sai zafi ya shigo. Rana tsaka a cikin cunkoso ta ga allurar zafi tana hawa har ta kusa taɓa ja, wani wari mai ɗan zaƙi ya cika motar, tururi ya fara fita ta bakin bonet. Ta gangara gefe ta kashe injin. Wani direban tasi ya tsaya, ya hana ta taɓa murfin lagireto sai ya huce, sannan ya nuna mata inda ruwa ke ɗiga a ƙasa, ta wani tsohon liƙi da ya yi kore. Ta tsaya tana kallon liƙin. Ita dai ba ta tuna ranar da aka taɓa liƙe mata lagireto ba. Daga nan jarkar ruwa ta samu wurin zama a but. Ɗalibanta suka sa wa motar suna Butar Shayi, in ta shigo harabar makaranta sai su ce a kawo kofuna. Tana taya su dariya, amma in ta shiga aji sai ta ji alli ya yi mata nauyi a hannu.

Inna, mahaifiyar Maigida, a gidan take zaune, a ɗakin da ke kusa da zaure. Duk lokacin da ta ji Malama ta ɗauko zancen mota sai ta gyara zama.

"'Yar nan, ƙarfe ma ya san hannun da ke riƙe da shi. Ga ta ɗana ta girmi taki, kin taɓa jin ta yi tari? Ki rage mita, namiji ba ya son mita."

Kuma gaskiya ne, ta Maigida kullum ƙara lafiya take yi. Murɗa ɗaya ta tashi. Malama ta fara zargin kanta. Ta rage gudu har masu keke suna wuce ta. Ta riƙa duba fitila da rediyo kafin ta fita, ta dawo daga bakin ƙofa ta sake dubawa.

Sai birki ya fara kuka. Da farko wata siririyar ƙara ce, ƙiii, duk lokacin da ta taka. Ana nan siririyar ta ɓace, wata mai kauri ta maye gurbinta, gurrr, wadda take ji har cikin tafin ƙafarta. Birkin kuma ya fara nisa, sai ƙafarta ta kusa kai ƙasa kafin motar ta yarda ta tsaya. Wata rana ta rage wa malamin lissafi hanya, suna zuwa mahaɗa ta taka, sai ta ga ya dafe gaban mota da hannu biyu.

"Malama, tun yaushe take wannan gurnanin?"

"An ɗan kwana biyu."

"Ki yi wa Allah ki ajiye ta. Siririyar ƙarar nan gargaɗi ce. In ta koma haka, abin da ke kama tayar ya cinye, ƙarfe ke cin ƙarfe. Kuma yadda ƙafarki ke nutsewa, ina tsoron man birki ma yana zuba. Batir da zafi a hanya za su bar ki. Wannan ba barin ki zai yi a hanya ba."

Da yamma ta samu Maigida a tsakar gida ta ce gobe za ta kai motar wani gareji da ke bayan makaranta, a duba mata birki. Nan take fuskarsa ta sauya.

"Wani gareji? Wato ni da Dogo bakanike ba mu iya ba. Shekara nawa Dogo yana taɓa min mota? Ko kuwa ni ne ba ki yarda da ni ba, ki fito ki faɗa."

"Ba haka ba ne, Baban yara. Tsoro nake ji. Da yara nake fita."

"Ajiye makullin. Ranar Asabar ni zan kai ta da kaina."

Ya kai ta kuwa. Ya dawo kafin la'asar, ya jefa mata makulli a kan tabarma. Ya ce Dogo ya kwance ya duba, ƙura ce kawai ta shiga, an hure, an ƙara man birki, ƙarar ma za ta ɗauke da kanta. Ya ga ba ta saki jiki ba, sai ya sassauta murya.

"Haba Malama. Da akwai matsala zan bar 'ya'yana su shiga? Wallahi lafiyarta ƙalau."

Wannan maganar ce ta kwantar mata da hankali. Tana iya shakkar bakanike, amma ba ta ga yadda uba zai rantse a kan 'ya'yansa da ƙarya ba.

Ranar Litinin aka tashi da yayyafi. Kafin a kai makaranta akwai wata gangara, a ƙarshenta yara ke tsallaka titi. Malama ta fara taka birki tun daga sama, yadda ta saba. Ƙafarta ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta, kamar ta taka soso. Ta ɗaga ta sake takawa, ta sake, ta sake. Ta ja birkin hannu, bayan motar ya fara zamewa a kan jiƙaƙƙen titi. A gabanta ga yara cikin kayan makaranta, riƙe da hannun juna, mai gadin makaranta yana ɗaga mata hannu. Ta danna hon, ta yi salati, ta karya sitiyari gaba ɗaya zuwa katangar wani gida.

Gefen da Auta take zaune shi ya daki kusurwar katangar.

Babbar ta tsira da ƙujewa, Malama ta fashe a goshi. Auta kuwa cinyarta ta karye, aka kwantar da ita a asibiti, aka ɗaure ƙafar aka rataye ta da nauyi. Yarinyar da ba ta iya zaman minti ɗaya wuri guda, ga ta a miƙe tana kallon silin.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da tambayarsa, Maigida kuma shi ke amsawa. Yana tsaye a bakin gado da jajayen idanu, yana girgiza kai.

"Ƙaddara ce. Na sha gaya mata ta riƙa rage gudu a gangarar nan. Shekaranjiya fa aka duba motar. Ina jin ruɗewa ta yi ta taka totur a maimakon birki, kun san mata in suka firgita."

Ya faɗa wa abokansa, ya faɗa wa shugaban makarantar da Malama take koyarwa, ya faɗa wa Yaya, babban wanta, wanda ya zo hankali a tashe. Malama ta buɗe baki ta ce birki ta taka, sai Inna ta dafa ta ta ce ta yi shiru, wanda ya bugu a kai ba ya tuna daidai. Tun tana cewa birki ta taka, har ta koma tambayar kanta. In tana wanke wa Auta jiki, ko tana juya ta saboda kada bayanta ya yi gyambo, sai ta ga ƙafarta ta dama tana motsi ita kaɗai a ƙasa, tana neman inda ta taka a ranar. Abinci ya daina shiga. Wata safiya tana taje wa Auta kai yarinyar ta ce, "Mama, Baba ya ce gudu kika yi. Me ya sa kika yi gudu?" Malama ta ajiye matajin ta fita baranda, ta daɗe ba ta dawo ba.

Jakar makarantar Auta ce ta kai ta garejin Dogo. Yarinyar ta dame ta da zancen littafin zanenta, jakar kuma tana cikin motar da aka ja zuwa can. Malama ta bar ƙanwarta da ta zo taya ta jinya a wajen gado ta hau tasi. Ta tarar da motar a ƙarƙashin bishiya, gefe ɗaya a lotse, tayoyin gaba a cire. Dogo ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma. Da ya gan ta sai ya rasa inda zai sa idonsa.

"Malama, sannu. Ya mai jiki? Wallahi tun ranar ban samu sukuni ba. Allah ne shaidata na gaya wa maigida ranar Asabar ɗin nan, na ce birkin nan kada ya ƙara kwana a titi."

Ta tsaya da jakar a hannu. "Me ka gaya masa?"

"Na ce a sa sabo. Ya ce in ƙara mai kawai, in ya dawo daga tafiya za a yi. Ai tun ranar da muka juya kayan na ce masa nasa ɗin sun mutu, ba na mayarwa a wata mota ba ne."

"Wane kaya kuka juya?"

Dogo ya dube ta, sai a lokacin ya gane. Ya sauke murya. "Ashe ba ki sani ba? Ce min ya yi kun yi magana."

Ta ce ya faɗa mata duka. Ya faɗa. Batir aka fara ɗauka. Sai tayoyi huɗu. Sai lagireto. Na ƙarshe kayan birki, har da tiyon mai, wanda nasa ya riga ya tsage aka naɗe shi. Duk ranar da aka kawo motarta sabis, tasa ma tana nan, a jera su gefe da gefe, a kwance na lafiya daga tata a ɗaura a tasa, a mayar mata da matattun. Ya shiga rumfa ya ɗauko wani ɗan ƙarfe ya miƙa mata. Ya sha gurza har yana ƙyalli, babu ko ɓurɓushin abin da ke kama taya a jikinsa.

"Wannan ne a tayarki ta gaba. Ko wa ke tuƙi a ranar, ba ta tsayawa. Ni kuma Malama, aiki aka sa ni. Mai mota ya ce yi, ya zan yi?"

"Mai mota," ta ce. "Ni ce mai motar, Dogo. Ka taɓa tambayata?"

Ya juya yana goge hannu da tsummansa.

Gida ta wuce kai tsaye. Maigida yana tsakar gida yana shirin fita, Inna tana kan tabarma tana jan carbi. Malama ta ajiye ƙarfen a ƙasa a tsakaninsu. Ya kalle shi, ya kalle ta, bai tambayi mene ne ba.

"Daga wajen Dogo nake."

Ya gyara hula. "To, ai ba sata na yi ba. Mota da mota duk na gidan nan ne. Ni ke hawa babban titi, ni ke gudu cikin manyan motoci don ku ci ku sha. Ke daga nan zuwa makaranta ne kawai, a hankali. Na auna na ga ni na fi buƙata. Kuma niyyata in na dawo in sa miki sababbi gaba ɗaya."

"Ka rantse min."

"Don hankalinki ya kwanta ne. Na san halinki da tsoro."

"Dogo ya ce maka kada ta ƙara kwana a titi. Ka dawo ka ba ni makulli, ka ga na sa 'ya'yanka a baya, ka ɗaga musu hannu." Muryarta ba ta tashi ba. "Wannan ma na bar ka da Allah. Amma ka tsaya a kan gadon yarinyar nan ka ce gudu na yi. Ka gaya wa Yaya. Ka gaya wa ita kanta Auta. Kana kallona ina ramewa, ina tuhumar ƙafata, ka san abin da ka sani, ka bar ni a haka."

"To me kike so in ce wa mutane? In tsaya a asibiti in ce ni ne? Ke mace ce, in an ce kin ruɗe ba wanda zai riƙe ki da shi. Ni kuwa da wane ido zan shiga kasuwa?"

Inna ta ajiye carbi. "'Yar nan, abin da ya faru ya faru. Ko da sabon birki, in Allah ya rubuta ƙafar nan za ta karye sai ta karye. Ki rufa wa mijinki asiri, uban 'ya'yanki ne. Ɗauke ƙarfen nan kada wani ya shigo ya gani."

Malama ta dubi tsohuwar da kyau. Babu mamaki ko kaɗan a fuskarta.

"Inna, ke ma kin sani."

Inna ta kawar da kai ta ɗauki carbinta.

Malama ta bar ƙarfen a inda yake ta koma asibiti. A ranar ta kira Yaya ta gaya masa komai. Ta kuma zauna a bakin gado ta riƙe hannun Auta ta ce mata, "Ban yi gudu ba. Na taka birki, birkin ne babu." Ba ta ƙara komai a kai ba, yarinyar ma ba ta tambaya ba.

Ranar da aka sallame su Maigida ya zo da motarsa an wanke ta tas, ya shimfiɗa filo a kujerar baya. Ya shigo harabar asibiti da ɗan saurinsa, ya zo daidai inda suke tsaye ya taka birki. Motar ta tsaya cak, ko ƙis ba ta yi ba. Malama ta tsaya tana kallon tayoyin, zanensu raɗau, ruwan wanki bai gama bushewa a jikinsu ba. Rabonta da jin tsayuwa mai laushi irin wannan tun kafin a fara yi mata sabis.

Ya fito ya buɗe ƙofar baya. "Bismillah, a kawo ta."

Yaya ya riga ya tsayar da tasi. Ya ɗauki Auta a hankali, ƙafarta a miƙe cikin farin filasta, ya kwantar da ita a ciki. Babbar ta shiga gaba da jakunkuna. Malama ta zagaya ta zauna ta ɗora kan Auta a cinyarta, ta faɗa wa direba unguwar Yaya.

Maigida ya biyo su har bakin taga yana magana ƙasa-ƙasa, wai mutane suna kallo, wai kada ta ba shi kunya. Ta ɗaga gilashi.

A layinsu har yanzu labarin da ya fara fita shi ke yawo. In an ga mace a bayan sitiyari sai wani ya ce a yi hattara, ka tuna matar nan da ta taka totur ta karya 'yarta, ta kuma yi yaji saboda an yi mata faɗa. Dogo yana nan yana aikinsa. Inna tana gaya wa masu shigowa cewa matan yanzu ba su da haƙuri. Maigida kuwa ana yaba masa yadda yake kula da mota, har ana tambayarsa wane bakanike ne ke yi masa aiki.

Auta ta fara takawa da sanda a tsakar gidan kawunta. Likita ya ce ƙafar za ta ɗan fi ɗayar gajarta.